Bitar aikin juya mota zuwa gas na CNG bayan shekara guda a kan hanya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma a lokacin ne na haƙura na kai Corolla ɗina wata cibiyar juya motoci zuwa iskar gas ta CNG, wato gas ɗin ƙasa da ake matsewa a cikin tukunya, da ke gefen Abuja. Gwamnati ta yi wa direbobin haya masu rajista da ƙungiya alƙawarin juyawa kyauta a ƙarƙashin shirinta na CNG, amma ni da nake da motar gida sai da na lale fiye da naira miliyan ɗaya daga aljihuna.

Aikin kansa ba ni da ƙorafi mai yawa a kansa. An ce mini wuni guda ne, ya ci kwana biyu, sai dai injiniyan bai ɗaura tukunyar ba sai da ya nuna mini hatimin gwaji da shekarar ƙira da ke jikinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana ɗura gas ɗin ne da matsin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsin iska, kuma tukunyar da ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024 haɗin masu walda ce, ba ta masana'anta ba. An sa mini ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai fitilu huɗu da ke nuna yawan gas. Motar tana tashi da fetur da safe, in inji ya ɗumama sai ta koma gas da kanta, har ba ka jin lokacin da ta sauya.

Inda cibiyar ta gaza shi ne kulawa bayan an karɓi kuɗi. Mako biyu da gama aiki motar ta fara shaƙewa a cikin gosulo, na koma sau biyu kafin a canza filogi a daidaita ta da kwamfuta, kuma har yau garantin da aka yi mini na baki ne, babu takarda. Tukunyar ta cinye rabin but, ta yadda buhun shinkafa ɗaya da akwati sun isa su cika shi, fito da safaya kuwa sai an yi gumi. A hawan tudu da mutum biyar a ciki, totur yana yin nauyi fiye da yadda na saba.

Ta fuskar kuɗi kam an sami sauƙi. Lokacin da na juya, ma'aunin gas ɗaya, wanda yake yin tafiyar da ta yi kusa da ta litar fetur, naira 230 ne, kuma ko da farashin ya tashi daga baya, bai kamo fetur ba. Salansa ta daina yin baƙi, man juye yana daɗewa da haskensa. Duk da haka kada a ruɗe mu da kalmar tsafta: CNG daga ƙasa ake haƙo shi kamar fetur, abin da yake ragewa na hayaƙin da ke ɗumama duniya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, don haka shi kaɗai ba zai cika alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 na kai wa ga daidaito tsakanin hayaƙin da take fitarwa da wanda ake cirewa daga iska nan da 2060 ba.

Babbar damuwata ita ce wa sauƙin ya isa gare shi. Cikin tukunya ɗaya ba ya kai ni kilomita 200, wato da ƙyar nake shiga Kaduna, daga nan zuwa Zariya da Kano kuwa yawanci fetur nake komawa, saboda gidajen gas sun yi ƙaranci kuma a tirela ake kawo musu shi. Fatan kowa yana kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. A Abujan ma na sha yin awa biyu a layi tsakanin direbobin tasi da suka bar lodi suna jira, wanda a wurinsu asarar cinikin safiya ce.

Akwai kuma bakanikena da muke tare shekara goma sha biyu. Da na kai masa motar ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallon sababbin bututun, sannan ya ce, "Alhaji, wannan kam sai ka koma wa masu ita." Babu wanda ya kira shi horo, alhali yara shida ne ke koyon aiki a garejinsa. Mai zirga-zirga a cikin Abuja da ke da halin biya, ina ba shi shawarar ya juya, amma ya nemi garanti a rubuce. Mai bin dogon zango zuwa Katsina ko Sakkwato ya fara ƙirga gidajen gas da ke kan hanyarsa kafin ya ciro kuɗi.