Omron M3: na'urar awon hawan jini a gida

Omron M3 na'ura ce ta awon hawan jini wadda ake ɗaura ɗamararta a damtse, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a fifita ta a kan irin waɗanda ake ɗaurawa a wuyan hannu, domin waɗancan sun fi saurin yin kuskure idan hannu bai daidaita da tsayin zuciya ba. Ɗamarar tana ɗaukar damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai, tunda ɗamarar da ta yi wa mutum kaɗan takan nuna lamba sama da ta gaskiya, har a tayar wa mai jiki hankali a banza.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bayyana tasirin ƙananan abubuwan da muke rainawa. Idan mutum ya sha kofi, ko ya sha taba, ko ya hau matakala da sauri, ko fitsari ya matse shi, zai ga lambar ta haura. Ko magana ma a lokacin da ɗamarar take hura iska tana ɓata sakamako, kuma akwai alamar da ke fitowa a allo idan an motsa ko kuma ba a ɗaura ta daidai ba. Saboda haka wajibi ne a zauna shiru na minti 5, a jingina baya, a ajiye ƙafafu a ƙasa ba tare da an harɗe su ba, sannan a kauce wa kofi da taba da motsa jiki na minti 30 kafin awo. Na'urar tana adana sakamako 60 ga kowane ɗaya daga cikin mutum biyu, abin da ke ba likita damar ganin ko matsakaicin awon gida ya kai 135/85, wato iyakar da ake ɗauka a matsayin hawan jini idan a gida aka auna. Ta nan ne kuma wanda ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, zai ga amfanin ƙoƙarinsa cikin makonni.

Tana aiki da batir huɗu, kuma ba ta aika sakamako zuwa waya. Babbar iyakarta ita ce ba ta auna suga ko kitsen jini, alhali kuwa ƙiba da rashin motsa jiki da gado sukan haɗa su biyun da hawan jini a jiki ɗaya, kuma kitsen jini ba ya nuna wata alama sai an gwada jini a asibiti. Ina ba da shawarar a saye ta, musamman ga wanda ke shan maganin hawan jini, amma kada kowa ya rage ko ya daina magani bisa lambar da ya gani ba tare da ya nuna wa likitansa ba.