Ka ƙirƙiro abu: da me za ka kare shi?

Hanyoyi huɗu ne, amma ba darajarsu ɗaya ba. Haƙƙin mallaka irin na marubuta zai kare zanen injinka da ke kan takarda, ba zai hana wani ƙera injin ba. Tambari suna kawai yake tsarewa. Sirrin sana'a ya yi wa Coca-Cola rana, amma in abinka na kwancewa ne da sukudireba, duk wanda ya saya ya buɗe ya gano, doka ba ruwanta.

Ni dai takardar mallakar ƙirƙira nake zaɓa. Ciniki ne da hukuma: ka bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, ita kuma ta ba ka shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata, ba mai ƙerawa ko sayarwa sai da izininka. Ranar nan ita ce jarinka, don haka ka kame bakinka sai ka shigar. A Turai, bidiyo ɗaya a YouTube ya isa a ce abin ba sabo ba ne. Amurka kuwa tana ɗaga ƙafa na shekara guda. Da ka shigar a ƙasa ɗaya, Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 ka nemi ta sauran ƙasashe da wannan ranar ta farko, tsarin PCT kuwa (buƙata guda ta ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya) ya kai ka wata 30. Aibin takardar nan tsada: lauya, fassara, kuɗin sabuntawa.

Sai 'yan damfara. Wani kamfani ya taɓa cin kuɗina da sunan “tantancewa”, ya turo rahoto mai sheƙi wanda ko lambar takardar mallaka ɗaya ta wani abu mai kama da nawa babu a ciki. Alamarsu yabo: kowane tunani a wurinsu zinariya ne, sai a ce biya yau kafin wani ya riga ka. Duk wanda ya ce zai samo maka takardar da ta game duniya, maƙaryaci ne, babu ita. Kowace ƙasa ko shiyya da tata. Wasu kuma jira suke a wallafa buƙatarka bayan wata 18, su kwashi adireshinka, su aiko takardar biyan kuɗi mai hatimi kamar ta hukuma. Tun 1999 dokar Amurka ta tilasta wa dillalan ƙirƙira, wato kamfanonin da ke karɓar kuɗi don tallata ƙirƙirarka, su faɗi mutum nawa suka ci riba fiye da abin da suka biya su. Ka nemi wannan adadin a rubuce kafin ka sa hannu.