Wayar Cat5e mai araha da tsohon hob: inda suka yi aiki da inda suka gaza

Kwalin wayar haɗa kwamfutoci da na gwada mai mita 305 ne, irin wanda ake samu a shagunan kwamfuta na Beirut Road a Kano. A jikinsa an rubuta Cat5e, ajin wayar ke nan, can ƙasa da ƙananan haruffa kuma CCA, wato alminiyam ne aka yi masa rufi da jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da reza, za ka ga fari ya fito.

A gajeren zango, daga tebur zuwa tebur cikin ofis ɗaya, wayar ba ta da laifi. Da zango ya yi nisa sai halinta ya bayyana. Ƙa'idar Ethernet, tsarin haɗa kwamfutoci da waya, mita 100 ce daga na'ura zuwa na'ura: 90 a bango, 10 na gajerun wayoyin bakin tebur da na akwatin na'urori. Amma da jan ƙarfe zalla aka yi wannan lissafi, a yanayin digiri 20. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, ga shi sigina na ƙara raunana da zafi, kuma kowa ya san yadda ƙarƙashin kwano yake a Kano cikin Afrilu. Kyamarar tsaro mai shan wuta ta PoE, wato ta cikin wayar kanta, ta riƙa mutuwa tana tashi, musamman da dare idan fitilunta sun kunna. Silin kuma yana karyewa wajen matse kan RJ45, filogin bakin wayar. Sili ɗaya ya katse, gudun gigabit (megabit 1,000 a daƙiƙa) ya faɗo megabit 100 ko haɗin ya yanke, domin gigabit na buƙatar duka silin wayar takwas. Wajen matsewar, kada a warware murɗin silin fiye da milimita 13.

Hob ɗin kuwa, na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta, bai magance nisa ba. Duk abin da ya shigo masa yana watsa wa kowa ne, saƙonni su yi ta karo. A 10BASE-T, tsarin megabit 10, ba a wuce hob 4 tsakanin kwamfuta biyu. A 100BASE-TX, tsarin megabit 100, hob 2 kacal na ajin da ake kira Class II, mita 5 tsakaninsu, jimillar zangon mita 205.

Suwic mai ƙofa 8 da na sa a madadinsa ya kawar da karon, domin shi yana aika saƙo ga mai shi kaɗai, kuma kowace ƙofa na da nata mita 100. Sai dai yana son soket a tsakiyar hanya, a wutar Kano kuma sai da inbata. Tsakanin gini da gini, saboda tsawar damina, faiba zan ja, wayar gilashi da ba ta ɗaukar wuta. CCA ba zan sake sa ta a bango ba.