Baƙin Mai Sintetik Mai Lamba 5W-30: Shin Tsinkewarsa Aibi Ce?

Ƙorafin da aka fi yi a kan baƙin mai sintetik (wato wanda aka sarrafa da sinadarai) mai lamba 5W-30 shi ne ya cika tsinkewa, har wasu kanikawa idan suka murza shi tsakanin yatsunsu sai su ce ba zai riƙe inji ba. Na yi amfani da shi a motar da littafinta ya ce a zuba irinsa, kuma a ganina ba a yi masa adalci ba.

Yatsa ba ya auna abin da ke faruwa a cikin inji. Idan karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, yana juyawa da sauri, shi da kansa yake jan mai ya cusa shi tsakaninsa da mazauninsa har ƙarafan biyu su rabu, kamar yadda masanin kimiyya Osborne Reynolds ya bayyana a 1886. A wannan hali gogayyar da ta rage ta man ce da kansa, saboda haka duk kaurin da ya wuce buƙata wahala ce kawai ga inji, ga ƙarin shan fetur, ga ƙarin zafi. Gogayyar da ke cin ƙarfe kuwa tana zuwa ne idan gudu ya ragu, ko nauyi ya yi yawa, ko zafi ya tsinka man fiye da kima, da kuma lokacin tayar da motar da ta kwana, sa'ad da man ya gangara ƙasa.

A wannan gaɓa ta ƙarshe ne man ya fi burge ni. Ƙwanƙwasar da kan injin ke yi da sanyin safiya tana ɗaukewa nan da nan, domin man yana saurin isa sama, sannan sinadaran zink da fosforas da ake haɗawa a cikinsa suna lulluɓe fuskar ƙarfe a inda ƙarafan suka taɓa juna. Lambar 30 ɗin ma, wadda ke nuna kaurin man idan ya yi zafi, a zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius ake auna ta, kuma bayan doguwar tafiya ban ji sautin injin ya canza ba.

Amma ba zan ba mai tsohon inji shawarar ya zuba shi ba. Inda ringi ya cinye, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafa ta buɗe, man zai riƙa ƙonewa yana raguwa, fitilar mai ma tana iya ƙyaftawa idan motar tana tsaye tana aiki. Haka nan ba ya maganin ƙura da ɓarɓashin ƙarfe, don haka duk lokacin juye sai an canza filta tare da shi.