Kafin ka sayi tankin tara ruwan sama, fara auna rufinka

Duk wanda ya yi watan Agusta a Kano ya san yadda abin yake: a yi rabin awa ana sheƙa ruwa, kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo lungu ya shigo zaure. Kaso mai yawa na wannan ruwan daga rufin gidajenmu yake saukowa, ga shi kududdufan da suke shanye shi a da an cike da yawansu an yi gini. Idan kana so ka riƙe naka tun daga sama, kada ka fara da kasuwa, fara da lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwan milimita 40, zai zubo da lita 6,000 a dare ɗaya.

Mai rufin kwano, zaɓinsa kusan ɗaya ne: gota, bututu da tankin roba. Shi ne mafi araha, kuma kowane mai gyaran famfo zai haɗa maka. Sai dai tankin lita 2,000 zai cika tun ruwan bai yi nisa ba, sauran kuma titi zai nufa kamar ba a yi komai ba. Nan ne mutane suke yin kuskure. Tankin da yake cike tun jiya ba ya tare ko ɗigo ɗaya yau. In dai don rage ambaliya ka saya, sai ka riƙa kwashe ruwan ana wanki da ban ruwan shuka, ko ka bar ƙaramin famfo yana tsiyayar da shi a hankali kafin hadari ya sake haɗowa. Ka sa raga a bakinsa saboda sauro, ka kuma sa bututun da zai zubar da ruwan farko, wanda ya wanko ƙurar rani da kashin tattabaru.

Tankin ƙasa na bulo da siminti ya fi ɗaukar ruwa nesa ba kusa ba, amma yana son fili da injin jan ruwa, kuma a nisanta shi da masai.

Mai rufin kankare shi ne yake da zaɓi na gaske. Akwai tsarin da ake tsuke bakin indararo, ruwa ya kwanta a kan rufin na ɗan lokaci, sannan ya sauka a hankali cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kayan ba su da tsada, nauyin ne abin tsoro: ruwa mai zurfin santimita 10 kilo 100 ne a kan kowane murabba'in mita. Ni dai ba zan ɗora wannan a kan dekin da birkila ya zuba da ƙiyasin ido ba, sai injiniya ya duba. A shimfiɗa abin hana yoyo mai kyau, a kuma bar wata mafita daga sama, don ranar da leda ta toshe ta ƙasa.

Sai rufin shuke-shuke, wanda ake zuba ƙasa mara nauyi a dasa ciyayi su shanye ruwan. A 2009 birnin Toronto na Kanada ya kafa dokar da ta wajabta shi a kan manyan sababbin gine-gine, kuma irin wannan rufin yana sanyaya ɗaki. Amma can ba sa yin wata bakwai babu ɗigon ruwa. A nan, wa zai riƙa hawa da bokiti a watan Afrilu, lokacin da ake sayen jarka a wurin mai garuwa? In ba ka da rijiyar burtsatse, kuɗin ya fi amfani a tanki na biyu, a haɗa shi da na farko da bututu ta ƙasa.