Shekara uku da na miƙa ɗana ga 'yan kwana-kwanan Jamus

Abba ɗana na fari ne, kuma mai sunan mahaifina, shi ya sa ba na kama sunansa. Shekararsa 16 yanzu. Tun yana da 13 yake zuwa sashen matasa na 'yan kwana-kwanan garinmu, wani ɗan gari da ke kusa da birnin Kolon a nan Jamus. Jugendfeuerwehr suke ce wa abin. 'Yan'uwa mata sun sha tambayata a WhatsApp ko su kai nasu yaran, nakan ba su amsa guntu-guntu ina tsakiyar girki. Yau na zauna in faɗi abin da idona ya gani, da mai daɗin da marar daɗin.

Ambaliyar watan Yulin 2021 ce ta jawo maganar. A daren 14 ga watan ruwa ya yi ɓarna a kwarin kogin Ahr da wasu garuruwan jiharmu ta Nordrhein-Westfalen, mutum fiye da 180 suka rasu a faɗin ƙasar. Allah Ya tsare unguwarmu. Amma maƙwabcinmu, wani mai gyaran wutar lantarki da muke gaisawa ta shinge, sai da ya kwana uku ba a gan shi ba. Ranar da ya dawo, taɓo har gwiwa, ya zauna a dokin ƙofarsa ko takalmi ya kasa cirewa. Abba ya leƙo ta taga ya ce, "Umma, ashe shi ma ɗan kwana-kwana ne?" A ranar muka san cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu kashe gobara a ƙasar nan 'yan sa-kai ne, kusan mutum miliyan ɗaya. Kowa da sana'arsa, in ƙararrawar aljihunsa ta buga ya ajiye abin da yake yi ya ruga tasha. Yawanci manyan birane ne ke da masu yin aikin da albashi.

Da ya ce yana so ya shiga, na ce atafau. Ni wuta ban san ta da komai ba sai asara. A watan Maris na 2016 gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta cinye shagon yayana ƙurmus, kuma har yau ban manta muryarsa a waya ba da safiyar ranar. Shekara guda yaron nan yana naci, sai da babansa ya ce mu je mu gani da idonmu, gani ya kori ji.

Ta fuskar kuɗi babu abin ƙorafi. Ba mu biya ko sisi na rajista ba. Takarda muka cike, ni da babansa muka sa hannu, sai jira na wata huɗu saboda gurbi ya cika. Kakin aro suke bayarwa, riga da wando shuɗi da ruwan lemo, hular kwano da safar hannu, in ya yi wa yaro kaɗan ya mayar a sauya masa. Takalmi kawai muka saya, yuro 40. Yana kuma cikin inshorar haɗari ta hukuma muddin yana wurin horo. Kowace Talata ce, ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma.

Abba ya tafi da tunanin jiniya da harshen wuta. Abin da ya tarar shi ne naɗe tiyo. Sati bayan sati ana warware tiyo mai tsawon mita 15 ana sake naɗewa, ana koyon ƙullin igiya, ana haddace inda kowane kaya yake a cikin mota har sai yaro ya iya miƙa hannu ya ɗauko ba tare da ya duba ba. Rukuninsu mutum 9 ne kamar na manya: shugaba, mai kula da injin ruwa, ɗan aike, sai mutum bibbiyu masu tunkarar wuta, masu jawo ruwa daga famfon da ke ƙarƙashin titi, da masu shimfiɗa tiyo. Akwai kuma taimakon gaggawa, da yadda ake magana in an kira 112, lambar kiran gaggawa.

Darasi ɗaya har cikin madafata ya biyo ni. Wani yammaci aka kunna musu tukunyar man girki a fili, aka ɗaure ƙaramin kofin ruwa a kan doguwar sanda aka tuttule a ciki. Ya ce wutar ta yi sama fiye da tsayin mutum biyu. Ya zo yana yi mini bayani hannunsa na rawa, cewa ruwan nutsewa yake yi ƙasan man, nan take ya zama tururi, kuma lita ɗaya ta ruwa kan zama tururi wajen lita 1,700, sai ya yi watsi da man mai ci da wuta ko'ina. Ni kuwa duk Asabar ina suyar ƙosai. Tun daga ranar murfin kaskon nan ba ya barin gefen murhu, shi da kansa yake ajiye shi. "Umma, in ya kama, kashe murhu ki rufe. Kada ki kuskura ki zuba ruwa."

Amma in aka tambaye ni abin da ya fi komai daraja a wurin nan, mutum zan nuna. Jagoran matasan, wanda suke kira Jugendwart, shi ne maƙwabcin nan namu. Ba a biyansa albashi a kan wannan ɗawainiya. Yakan taso daga aiki ya wuce tasha kai tsaye, wani lokaci da burodinsa a hannu. Da farko abin ya yi mini banbaraƙwai, jin Abba yana kiran sa'an babansa da sunansa gatsal, ba malam ba kawu. Daga baya na lura girmamawarsu a wani wurin take: in ya ɗaga hannu, yara 20 kan yi tsit.

Lokacin da Abba ya shiga, yaro ne mai saurin fushi. Shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsu, a gida Hausa, a waje Jamusanci, ya rasa inda zai sa kansa. An kira mu makaranta sau biyu kan faɗa. Wata Talata ya naɗe tiyo a karkace don sauri, ya cusa a mota. Mutumin nan bai daka masa tsawa ba. Ya jira kowa ya watse, ya ce ya ciro. Ya ce masa wannan tiyon ba na wasa ba ne, shi wani zai figa da ƙarfe uku na dare a ƙofar gidan da mutane ke ciki, kuma mai figar ba zai tsaya dubawa ba, don ya amince da wanda ya naɗe. Abba ya sake naɗewa sau uku. Ya shigo gida bai ce uffan ba, sai bayan kwana biyu ya ba ni labari. Ni da babansa mun yi ta yi masa wa'azin amana shekara da shekaru, amma a ranar aka ɗora masa ita a hannu. Da makinsa na lissafi ya faɗi, mutumin nan ne ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya zauna ya sha shayi, ya gaya masa a gabanmu cewa mai kula da injin ruwa da lissafi yake aiki.

Sau ɗaya a shekara sukan kwana a tasha awa 24 kamar ma'aikatan gaske. Ana tashinsu da ƙararrawa cikin dare, su je su zaƙulo ɗan tsana mai nauyin mutum daga ɗakin da aka cika da hayaƙin da ba na gobara ba, ko su kashe tarin katako manya na tsaye a bayansu. Bara shi aka ba shugabancin rukuni.

A baran ne kuma suka ci Leistungsspange, lambar da ta fi kowace girma a wurin matasan, wadda sai mai shekara 15 yake nema. Gwaji biyar ne. Akwai haɗa tiyo 8, mita 120 ke nan, cikin daƙiƙa 75 ba tare da ya murɗe ba. Akwai gudun miƙa sanda na mita 1,500 cikin minti 4 da daƙiƙa 10, da jifan dalma, da atisayen kashe wuta, da amsa tambayoyi. Ni na riƙa yi masa tishi a teburin cin abinci, a nan na ji cewa tun 1882 ake da irin wannan ƙungiya a ƙauyen Oevenum na tsibirin Föhr, ta ƙasa baki ɗaya kuma an kafa ta a 1964. Abin da ya burge ni, rukuni ake yi wa hukunci, ko su ci tare ko su faɗi tare. Akwai wani yaro mai jiki da ke ja musu baya a gudu. Abba da bakinsa ya ce a cire shi, jagoran ya ƙi. Wata biyu suna fita gudu da shi kowace Lahadi da safe.

Yanzu ga inda na ga gazawa. Abinci ne na farko. Duk taronsu gashi ne, gashin kuwa yawanci na alade. A sansanin bazara na farko yaron nan burodi da cuku ya rayu a kai kwana biyar, ya dawo wuyansa ya zurma. Ba mugunta ba ce, tunaninsu ne bai kai nan ba, amma ai akwai gurbin abinci a takardar da muka cike, ya kamata a ce an karanta. Da na yi magana aka sayo ƙaramin abin gashi daban. Yanzu ni ke kai kaji da yajin tsire, kuma kafin a ankara sun ƙare. Da azumi sukan sauƙaƙa masa aikin ƙarfi, sun kuma ba shi ɗakin ajiyar kaki ya yi Magariba, sai dai duk wannan sai da muka buɗe baki muka nema. Uwar da ba ta jin Jamusanci sosai za ta sha wuya, don kowace takarda da shi take zuwa.

Na biyu, masu koyarwar ba su da yawa, kuma su ne dai masu fita aiki. In ƙararrawa ta buga ana cikin darasi, sai a sallami yara. Ya faru sau huɗu a hunturun da ya wuce. Na uku, giya. A wurin yara ban taɓa ganinta ba, amma a bukukuwan tasha manya na sha a fili, kuma dokar ƙasar ta yarda ɗan shekara 16 ya sayi giya marar ƙarfi. Wannan tsakaninmu ne da ɗanmu, kullum muna kan magana.

Abin da ya fi damun yaran da kansu shi ne rashin wutar gaske. A tasharmu ba a fita da su kiran gaggawa, kuma doka ba ta yarda a goya wa kowa tukunyar iskar shaƙa ba sai ya cika 18. Abokansa biyu sun gaji sun daina zuwa. Shi ma wani lokacin yakan tsaya a taga in motoci sun wuce da jiniya, ya yi ƙwafa. A nan kam ina bayan hukuma ɗari bisa ɗari, na kuma gaya masa haka.

Saura shekara biyu ya koma sashen manya, ya riga ya ce zai koma. Ban daina jin tsoron ranar ba, kullum ina sa shi a addu'a. Ƙanwarsa za ta cika shekara 10 a watan Maris, shekarun da ake fara karɓa ke nan a jiharmu. Sati biyu da suka wuce na kai takardarta, aka ce ita ce ta bakwai a layi. A gurbin abinci na rubuta da manyan baƙaƙe, na kuma ja layi biyu a ƙasa.