Wace jarida za ka biya wa kuɗi a intanet, kuma wa za ka guje wa?

Duk mai bibiyar labarai a waya ya san wannan abin haushin. Ka ga kanun labari, ka latsa, ka karanta layi uku, sai wani allo ya rufe maka sauran yana neman lambar katinka. Jaridun ba don mugunta suka kafa shingen nan ba. A da talla ce ke riƙe da su, ɗan abin da kake miƙa wa mai jarida a bakin titi bai taka kara ya karya ba. Yanzu tallar ta koma hannun Google da Facebook. A Najeriya ga kuma tsadar takarda, domin tun da masana'antar takarda ta Oku Iboku ta durƙushe, da dala ake shigo da ita. Jaridar The Independent ta Landan ma a watan Maris na 2016 ta daina bugawa a takarda gaba ɗaya. Saboda haka biyan ya dawo kan mai karatu, kuma ni ban ga laifin hakan ba: ɗan jaridar da ya bi hanyar Birnin Gwari don ya kawo maka labari yana da iyalin da zai ciyar. Abin tambaya shi ne wa za ka biya, kuma ta wace hanya.

Shingen iri-iri ne. Akwai masu kulle ƙofa ruf, sai ka biya ka ga komai, irin The Times ta Landan tun 2010. Akwai masu ba ka ɗanɗano: New York Times ta fara a watan Maris na 2011 da labarai 20 kyauta a wata, ta rage zuwa 10 a 2012, ta mai da su 5 a 2017. Akwai masu kulle manyan rahotanni kawai su bar ƙanana a buɗe. Sai kuma masu barin komai a fili, su ce wanda ya ji daɗi ya taimaka.

Ni dai kafin in duba ingancin rubutu, abin da nake fara tambaya shi ne yadda ake fita. Wata jaridar ƙasar waje, wadda ba ta cikin waɗanda zan ambata a nan, ta taɓa ba ni farashin sabon shiga mai rahusa sosai. Da wa'adin ya cika, ba tare da wata sanarwa da na gani ba, suka cire cikakken farashi daga katina na dala, a daidai lokacin da naira ta faɗi. Kowa ya san abin da ya faru: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da na nemi inda ake soke rajista, babu maɓallin. Sai an yi hira da ma'aikacinsu, a lokacin aikinsu, yana ta miƙo maka sabon ragi kana cewa a'a. Matsalar ta yi yawan da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a watan Oktoban 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, amma kotu ta soke dokar a watan Yulin 2025 kafin ta fara aiki sosai. To kai da ke Gusau ko Katagum, wa zai ƙwato maka haƙƙinka?

Wannan ne ya sa The Guardian ta Landan ta kwanta mini a rai, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. A lura, ba The Guardian ta Legas ba ce, wadda marigayi Alex Ibru ya kafa a 1983. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta Landan ta faro ne a Manchester a 1821, kuma tun 1936 tana hannun wata gidauniya mai suna Scott Trust, wadda aikinta shi ne ta tabbatar jaridar ta rayu ba tare da wani attajiri yana juya ta ba. Asusun gidauniyar ya haura fam biliyan 1. Lokacin da takwarorinta ke kafa shinge, ita tana tafka asara, mutane da yawa sun ɗauka dole ta bi sahu. Katharine Viner, wadda ta zama babbar edita a 2015, ta ƙi. Suka bar shafin a buɗe, suka sa ɗan saƙo a ƙarshen kowane labari suna neman gudummawa. A 2019 suka sanar da cewa kuɗin shiga ya rufe kuɗin gudanarwa, bayan shekaru ana asara, daga baya kuma masu ba su tallafi a kai a kai ta intanet suka wuce mutum miliyan 1.

Abu biyu ne suka sa tsarin ya dace da aljihunmu. Na farko, kana iya ba da gudummawa sau ɗaya tak, adadin da ka ga dama, a rabu lafiya. Watan da kasuwa ta yi kyau ka bayar, watan da aka shiga hidimar biki ko kuɗin makaranta ka yi shiru, ba wanda zai rufe maka ƙofa ko ya taɓa katinka da tsakar dare. Na biyu, mu ba mu saba karanta jarida mu kaɗai ba. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939, kwafi ɗaya kan zagaya majalisa, mai ilimi ya karanta wa saura. Yau WhatsApp ne majalisar. Idan ka tura labarin Guardian zauren 'yan uwa, kowa zai buɗe ya karanta har ƙarshe. Ka gwada da jarida mai shinge, amsar da za ka samu ita ce "Malam, abin bai buɗe ba."

Aikin Guardian ma ba na wasa ba ne. Ita da Washington Post suka raba lambar yabo ta Pulitzer a 2014 kan bayanan sirrin gwamnatin Amurka da Edward Snowden ya fallasa, kuma tana cikin jaridun da suka tono takardun Panama, masu nuna yadda manya ke ɓoye dukiya a ƙetare, a 2016. Mai son ƙwallon Ingila kuwa zai sha sharhi har ya ƙoshi. Tana da nata rauni. Ra'ayinta ya karkata ga masu sassaucin ra'ayi, wasu sharhunanta kan addini da zamantakewa ba za su yi maka daɗi ba, labarin Arewa kuma sai abu ya yi ƙamari take taɓawa. Manhajarta ta waya tana iyakance wa wanda bai biya ba yawan karatu, don haka ka riƙa shiga ta shafinta kai tsaye.

Sauran fa? New York Times jarida ce babba, masu biyanta sun haura miliyan 10, amma kaso mai tsoka na abin da za ka biya wa siyasar Amurka ne da girke-girke da wasan kalmomi. Financial Times ta fi kowa kan tattalin arziki, sai dai in ofishinku ne zai biya. Washington Post, wadda attajirin nan Jeff Bezos ya saya a 2013, mutum fiye da 200,000 suka soke rajistarsu a watan Oktoban 2024 bayan ta fasa mara wa ɗan takarar shugaban ƙasa baya. Ni wannan ya ishe ni. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu karanta Faransanci suna da Le Monde da Jeune Afrique, kuma tun da sefa ɗaure take da yuro, farashi ba zai yi musu tsallen da yake yi mana ba. A gida, Daily Trust tana sayar da kwafin jaridarta na intanet, biyan kuma da naira ne, wanda ya raba ka da fargabar canji. Aminiya da Premium Times a buɗe suke. Akwai ma The Continent, jaridar mako-mako kan Afirka da ake rabawa kyauta ta WhatsApp tun 2020.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne da kyau. Tun da bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawansu suka dakatar, wata kasuwar bayan fage ta buɗe, kuma ko da wasu bankunan suka dawo da damar a 2025, kasuwar ba ta mutu ba. Za ka ga mutum a Telegram ko Facebook yana tallar manyan jaridu goma a dunƙule, na shekara guda, da kuɗin da bai kai na data ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawanci asusun wani ne aka sace, ko asusu ɗaya ne aka sayar wa mutum da yawa. Ranar da mai shi ya canza kalmar sirri, shi ke nan, wanda ya sayar maka kuma ya toshe lambarka. Ko da bai gudu ba, kayan sata ka saya.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu turo maka manhaja su ce an cire mata shinge, ka saukar daga hannunsu maimakon Play Store. Irin wannan manhaja tana iya neman izinin karanta saƙonnin wayarka, kuma ta nan lambar sirrin da banki ke turo maka take shigowa. Kada ka saukar, ko abokinka ne ya turo, domin shi ma turo masa aka yi. Haka nan masu ƙirƙirar shafi sak irin na wata sananniyar jarida, da tambarinta da launinta, sai harafi ɗaya da aka sauya a adireshin. Wasu ba ma rajista suke sayarwa ba, labarin ƙarya suke ɗorawa cewa wani attajiri ko gwamna ya buɗe hanyar zuba jari mai ninka kuɗi cikin mako. Akwai kuma saƙon imel mai cewa rajistarka ta ƙare, ka latsa nan ka sabunta. Kada ka latsa. Buɗe shafin jaridar da hannunka ka duba. Babu jaridar ƙwarai da za ta nemi BVN ko NIN ɗinka kafin ta ba ka labari, babu wadda za ta kira ka ta ce ka karanto mata lambar da banki ya turo, kuma idan lambar asusun da aka ba ka tana ɗauke da sunan mutum ɗaya maimakon sunan kamfani, ka tsaya nan. Zaurukan da ke raba kwafin jaridu kowace safiya ma ba su kuɓuta ba: haƙƙin mutane ne ake ci, kuma ba ka da hanyar sanin ko an taɓa shafin farko kafin ya iso gare ka.

Idan dole sai ka yi rajistar wata-wata da jarida mai shinge, ka nemo cikakken farashin da zai biyo bayan na sabon shiga, ka lissafa shi da canjin yau, ka ƙara wani abu a kai. Ka yi amfani da katin da ba ka ajiye kuɗi masu yawa a ciki. In akwai damar biya ta Google Play ko Apple, ka bi ta nan, domin jerin duk abin da kake biya yana wuri ɗaya a wayarka, kuma da kanka za ka kashe sabuntawa. Ka kashe ta a ranar da aka cire kuɗin. Kwanakin da ka biya suna nan har su cika.